Jarka Mai Jan Ƙyalle

Shekaru sun ci rabonsu a ƙwaƙwalwata. Na manta lambar gidan da na zauna a unguwar Nasim, na manta sunayen rabin mutanen da muka yi aiki tare a Riyad, har Larabcin kasuwar da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. Amma akwai wata farar jarka mai jan ƙyalle ɗaure a mariƙinta, wadda na tabbata ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwancina. Labarinta zan bayar, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ni ne marar gaskiya a cikinsa.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfani mai tace ruwan sha. In ɗebo ruwa, in auna, in rubuta, shi ke nan aikin. Ina da ƙuruciya, ina da takarda, ga kuma wani ciwo da ban san ina ɗauke da shi ba, wato son a tambaye ni. Ko abin da ban sani ba aka tambaye ni, sai na gyara zama na yi bayani. Matata tana gida Najeriya da ɗanmu na fari, ni kuma ina ta fafutukar takardun da za su ba ni damar kawo su. Takardun nan ba sa motsi sai da sa hannun shugaban sashenmu, wani Bature dogo mai jan wuya, mai fara'a, wanda ba ya raina gaisuwa.

Akwai kuma wani dattijo daga ƙasar Maraɗi da kowa ke kira Baba mai zuma. A igamarsa, wato takardar izinin zama, mai gadi ne a wani garejin gyaran motoci da ke Gubaira. Amma mu a wurinmu mai zuma ne. A ƙauyensu ya gaji amya daga mahaifinsa, ya yi shekaru yana ɗiban zuma kafin fari ya koro shi. Da ya zo Riyad sai ya sami wani ɗan Yaman mai sayar da zuma a sari, yana karɓa a wurinsa yana kai wa mutane gida-gida. Likitocinmu 'yan Najeriya, ma'aikatan jinya, har da wasu Larabawa, duk a wurinsa suke saya, saboda an san ba ya kawo gauraye. Idan zumar da ta zo ba ta yi masa ba, gara ya yi wata guda bai sayar da ko cokali ba.

Ni kuwa ya ɗauke ni ɗa. A farkon zuwana na yi wani tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ya yi ta zarya daga Manfuha, inda yake zaune da 'yan'uwansa leburori, yana kawo mini zuma da tafarnuwa, kuma ko da wasa bai bari na sa hannu a aljihu ba. Tun daga nan ba ya kirana sai "ɗana".

Baba yana da wata ƙa'ida da mutane ke yi masa dariya a kanta. Yana sayar da zuma, amma ba ya sayar da mazubi. Jarkokinsa guda shida ne ko bakwai, kowace da jan ƙyalle a mariƙi. In ka sayi mai yawa zai bar maka jarka har ka juye, sannan ya dawo da ƙafarsa ya karɓi abarsa. Shi zai wanke da ruwan zafi, shi zai kife ta a rana kwana biyu. Yakan ce ɗigon ruwa guda ya isa ya ɓata zumar jarka guda, don haka ba ya yarda da wankin kowa.

Kowa a garin nan ya san giya haramun ce a addini, kuma laifi ce babba a doka. Kowa kuma ya san wasu Turawa suna dafa abarsu a bayan katangar gidajensu, sai dai ba a faɗa. Wata rana a lokacin hutun cin abinci, Baturen nan ya rufe ƙofar ofis ya jawo kujera kusa da ni. Ya ce yana da tambaya ta kimiyya. Ai kuwa ya taɓo ni inda nake so. Ya ce yakan sayi ruwan sha'ir na kwalba, irin wanda ba ya bugarwa, ya zuba masa sukari da yis, irin na kumbura burodi, ya rufe. To, abu biyu ke damunsa. Na farko, abin yana fitowa salam, ba ɗanɗano. Na biyu, mai kantin unguwarsu ya fara bin sa da wani irin kallo duk ranar da ya ɗauki sukari mai yawa tare da yis. Shi ne yake tambaya ko zuma za ta iya maye gurbin sukari.

Da ina da hankali, da na ce masa wannan ba fannina ba ne, na tashi na tafi alwala. Amma ina! Sai na gyara zama. Na ce masa yis ba ruwansa, zaƙi ne abincinsa, ko na rake ko na ƙudan zuma. Na ce zuma tana da ruwa a jikinta, don haka za ta ɗan fi sukari shiga, kuma ta fi shi nawa wajen aiki, sai an yi haƙuri da ita, amma za ta bar ƙanshi. Ina magana yana gyaɗa kai, ni kuwa kaina yana ƙara girma. Ban taɓa kai giya bakina ba, har yau ɗin nan, kuma da wannan na riƙa lallashin zuciyata: ai ni ilimi kawai na bayar.

Da na gama sai ya ce, "To a ina zan sami zuma ta gaske? Ta kanti duk sukari ce aka dafa."

Nan ma ƙofa ce a buɗe da zan iya fita. Amma na tuna takardun matata da ke kan teburinsa, na kuma ce wa kaina ai Baba ma ciniki zai samu. Na ce, "Na san wani."

Ranar Alhamis da yamma na raka Baba gidan Baturen da jarka huɗu. Baba bai yarda an shigar da su ciki ba sai da ya yi abin da ya saba. Ya sa aka kawo kofin gilashi da ruwa, ya ɗiga zuma, ta gangara ƙasa ta zauna kamar dutsen wuya, ba ta narke ba. Ya tsoma kan ashana a cikin zumar, ya ƙyasta, ta kama. Bature ya yi ta tafi. Baba kuwa yana murmushi irin na mutumin da aka yabi ɗansa. Sannan ya juyo gare ni ya rage murya.

"Ɗana, wanga bawan Allah mi zai yi da zuma haka da yawa? Shi da iyali na?"

Na ce, "Shi kaɗai ne, Baba. Magani yake haɗawa."

"Ayya! Ashe ba shi da lahiya. Ka ce mishi Allah Shi sawwaƙe." Har ya ƙara masa da wata 'yar kwalba kyauta, ta zumar magarya, wai ta fi ƙarfi ga mai ciwo.

Bature ya roƙa a bar masa jarkokin na ɗan lokaci, Baba ya amince. Ni na san abin da zai yi da su. Na san a cikinsu zai haɗa, don na ji yana yaba kaurin robarsu da yadda murfinsu ke kamawa. A hanyar komawa Baba yana ta sa mini albarka a cikin motar haya, ni ina kallon waje ina amsawa da amin.

Aka yi kamar wata biyu. Zafi ya kankama, irin zafin Riyad da ke sa mariƙin ƙofa ya ƙona hannu. Bature zai tafi hutun shekara ƙasarsu. Ana gobe zai tashi ya leƙo ɗakin gwaji ya kashe mini ido ɗaya, ya ce shawarata ta yi aiki fiye da yadda ya zata, kuma in faɗa wa tsohon nan ya je ya ɗauki jarkokinsa a wurin masu gadin ƙofar gidansa. Takarduna kuwa, ya ce da ya dawo zai sa hannu. Na aika wa Baba saƙo, ban sake tunanin komai ba. Ko a raina bai zo ba in je in duba jarkokin da kaina.

Ranar Juma'a, na dawo daga masallaci ke nan na cire riga, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, gumi ya jiƙa masa hula, yana riƙe da jarka ɗaya. Bai tsaya doguwar gaisuwar da ya saba ba. Ya ajiye ta a tsakar ɗaki, ya durƙusa ya kwance murfin. Sai da ta yi tsaki. Kafin ya gama buɗewa warin ya cika ɗakin. Ashe Bature ya juye uku ya ɗauraye, ta huɗun kuwa, ko mantuwa ko gaggawa, ya bar saura a gindinta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwa ne gurɓatacce mai launin ƙasa, da kumfa a sama.

"Ɗana, kai ka yi karatun wanga abu. Sansana mini. Mi ya samu zumata?"

Na kalli fuskarsa, na ga ba zargina yake yi ba. Mutumin nan ya tashi a gidan malamai a ƙauye, ya zo ya shige garejin Gubaira da masallacin Manfuha. Bai san warin giya ba, bai taɓa jin sa ba. Abin da ya sani shi ne zumar da aka ɗiba ba ta nuna ba, ko wadda aka yi wa ha'inci, takan yi kumfa ta yi tsami a lokacin zafi. Abin da ya ɗauka ke nan.

Ya ce, "Shekara arba'in ina taɓa zuma, ban taɓa ganin ta koma ruwa haka ba. Kuma marar lahiya na saida ma! Shi ya sa ya bar ta bai shanye ba, ya ji kunyar hwaɗa mini."

Jumla ɗaya ce ta rage gare ni. Baba, wannan giya ce, Baturen ne ya haɗa, kawo mu zubar a makwarara. Da na faɗe ta, da zai yi salati, ya yi fushi da ni, wataƙila ya daina kirana ɗana, kuma da shi ke nan an wuce wurin. Amma sai na hango tambayar da za ta biyo baya: kai ka sani? Na hango maganin ƙaryar da na ce ana haɗawa. Na hango maganar tana yawo a Manfuha, daga can ta iso kamfani, ta iso teburin da takarduna suke. Na sunkuya na yi kamar ina sansanawa, har da ɗan yamutsa fuska irin ta masana.

Na ce, "Ruwa ne ya shige ta, Baba. Wataƙila tun daga wurin mai sari aka gauraya."

Wallahi na faɗi haka ne don in rufe maganar. Ban san na buɗe ta ba ne. Na ce ya bar mini jarkar in zubar in wanke, har na kai hannu. Ya janye ta ya mayar da murfi. Ya ce ai na san ba ya barin kowa ya wanke masa jarka, kuma wannan ma ba ta wanki ba ce tukuna. Na tambaye shi abin da yake nufi, ya ce ba komai. Na kawo masa ruwan sanyi ya sha rabi, ya saɓa abarsa ya fita. Na tsaya a ƙofa ina kallon jan ƙyallen yana lilo har ya sha kwana. Ƙafafuna lafiyarsu lau, da na bi shi da na cim masa.

Ranar Lahadi aka ce ana sallama da ni a ƙofar kamfani. Wani mutumin Damagaram ne da suke ɗaki ɗaya da Baba, birkila, na san shi sama-sama. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru, domin tare suka je. Ranar Asabar bayan la'asar, Baba ya ɗauki jarka ya nufi shagon ɗan Yaman ɗin nan a cikin kasuwa, lokacin da ake cike. Bai ja shi gefe ba. Ya ajiye ta a kan teburin ciniki, ya ce da shi cikin guntun Larabcinsa ya ji tsoron Allah, ga abin da zumarsa ta zama. Mai shago ya rantse zumarsa ba ta da algus. Murya ta yi sama, mutane suka taru. Sai Baba ya ce to kowa ya zo ya zama shaida, ya kwance murfin da hannunsa.

Birkilan ya ce nan take warin ya cika shagon. Sai wani Balarabe ya toshe hanci ya ja da baya yana cewa hamar ce, wato giya. Baba yana ta cewa a'a, asal ce, zuma ce ta lalace. Yana cikin wannan bayani askarawa, wato 'yan sandan can, suka iso. Ga jarka, ga shaidu cike da shago, ga mutum yana rantsuwa da bakinsa cewa tasa ce, har yana nuna jan ƙyallen da ya ɗaura da hannunsa.

Na tambayi birkilan, kuma ina jin kunyar rubuta wannan, tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce, "Ya ambaci sunana?"

Ya dube ni. Ya ce, "Bai ambata ba. Ya ce kai yaro na mai iyali, kar a sa ka cikin wahala a kan zumar da shi ya saida."

Baba ya faɗi gidan da ya ɗauko jarkar. Aka je aka duba, ba a sami komai ba, mai gidan kuma yana ƙasarsu. Labari ya kai kamfani, daga kamfani ya kai wa Bature, shi ke nan bai sake dawowa ba, sai kayansa aka tattara aka aika masa. Mutum ɗaya ya rage a duk faɗin Riyad da ya san yadda abin ya faru daga farko har ƙarshe, kuma yana iya zuwa ya ce tsohon nan bai san komai ba. Kullum da safe sai in ce yau zan je. Kullum sai in sami ruwan da ke buƙatar awo. Ban sani ba ko shaidata za ta kuɓutar da shi, wataƙila ni ma da an haɗa da ni. Amma ban gwada ba, balle in sani. Kusan sati uku ina wannan, har aka yanke masa bulala da kora daga ƙasar.

Sai da komai ya ƙare, yana gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, sannan na iya zuwa. Birkilan ne ya raka ni. Aka fito da shi bayan wata taga mai ƙarafa, ya rame, ba hula a kansa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar. Da ya gan ni sai fuskarsa ta saki, ya tambayi lafiyata, ya tambayi labarin takardun iyali. Sannan ya matso.

"Ɗana, in wancan Bature ya komo, ka roƙa mini shi gahwara. Ban san zumar banza na kai mishi ba. Sun ce wai har giya ta zama. Ni ban san zuma tana yin haka da kanta ba."

Nan ne abin ya fi ƙarfina. Na riƙe ƙarfen tagar na faɗa masa komai. Tambayar kimiyya, ƙaryar magani, abin da aka yi da jarkokinsa, da abin da hancina ya gane tun kafin ya gama kwance murfi a ɗakina. Ina magana ina kuka kamar yaro, birkilan ya juya mana baya.

Na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa. Sai Baba ya ce, "Ke nan zumata lahiyarta lau?"

Na ce, "Lafiyarta lau, Baba."

"Ɗan Yaman bai yi mini ha'inci ba?"

"Bai yi ba."

Ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Ya ce wa birkilan lallai ya je shagon nan ya nema masa gafarar mutumin, a gaban jama'a kamar yadda ya tozarta shi a gaban jama'a. Sai da ya gama wannan sannan ya dawo da idonsa kaina. Ba tsawa, ba ɗaga murya.

"To, malam, ranar da na kawo maka na ce ka sansana mini, mi ya hana ka hwaɗa?"

Malam ya ce. Tun da ya ɗauke ni ɗa, wannan ne karo na farko da bai ce ɗana ba. Sai mai gadin wurin ya ce lokaci ya yi. Bayan kwana kaɗan aka sa shi a jirgi.

Takardun matata kuwa, sabon shugaban da aka kawo ya sa musu hannu a satinsa na farko, bai ko ɗago kai ya dube ni ba. Abin da na sayar da tsohon nan don in tsare, ashe ko ba Baturen zai fito. Iyalina suka zo, muka yi shekaru a Nasim, aka haifa mana yara biyu a can. Na aika wa Baba wasiƙa sau biyu ta hannun masu komawa gida, ban sami amsa ba. Daga baya birkilan ya je ganin gida ya dawo, ya ce labari ya riga Baba isa ƙauye, kuma labarin bai tafi da bayaninsa ba. An dai ce an koro shi daga ƙasa mai tsarki saboda giya. Ya sake ɗora amya a kan itatuwa, amma mutane suka riƙa wuce ƙofarsa suna zuwa sayen zuma a wata kasuwa. Bai yi shekara huɗu ba Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu na girmi shekarun da Baba yake da su a lokacin. Har yau ina son a tambaye ni, hali ba ya mutuwa da sauƙi, jikokina ma sun san haka suna tsokanata. Amma abin da jarkar nan ta koya mini shi ne, duk wanda ya kawo maka abu ya ce duba mini, kai ka sani, ba iliminka yake so ya gani ba. Kansa ya ɗauko ya damƙa maka, kuma da abin da ka faɗa masa zai fita ya yi aiki. Ni na ɗauka ƙaramar ƙarya na yi don in kauce wa kunyar minti biyar. Shi kuwa ya yarda da ni, ya saɓa ta a kafaɗa ya kai ta tsakiyar kasuwa, ya buɗe da hannunsa.